Na'urar Kan Tebur Da Injunan Kakuri

Duk wanda ya tashi a Kakuri ko Makera ko Nasarawa, ko da bai riski zamanin ba, ya sha jin labarin jiniyar masaƙa daga bakin iyayensa. Sun ce idan ta busa lokacin canjin aiki, kekuna kan cika titi maƙil, har mai ƙosai ba ta samun sararin ɗaga kai. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa ta tare da kamfanin David Whitehead na Ingila. UNTL ta biyo baya a 1964, ga Arewa Textiles, ga Nortex, sa'an nan a 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a unguwar. KTL ta rufe ƙofa a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007, kuma wanda ya bi ta gefen katangun nan ya san abin da ciyawa ta yi musu. Na soma da wannan ne domin abin da zan yi magana a kansa ƙarami ne ƙwarai, har wani zai ce bai cancanci fili a mujallar Ƙungiyar Ɗalibai ba, alhali kuwa ni a ganina akwai zare tsakaninsa da waɗannan katangu.

Abin kuwa shi ne na'urar nan da ake kira firinta 3D, wadda wasu samari a Barnawa da Narayi da Sabon Tasha suka ajiye a ɗakunansu suna fama da ita dare da rana. Ga wanda bai taɓa ganinta ba, ya ƙaddara maginin rumbu ne: yana murza laka yana kewayawa da ita, sahu bisa sahu, har rumbu ya tashi. Haka ita ma take yi, sai dai lakarta zaren roba ne mai kaurin milimita 1.75, wanda yake naɗe a kwarkwaro. Tana jan zaren zuwa wani ɗan baki na tagulla mai zafin wajen digiri 200, ya narke, ya fito ta hudar da ba ta wuce milimita 0.4 ba, ta shimfiɗa shi a kan faranti mai ɗumi bisa ga zanen da aka yi a kwamfuta. Kowane sahu kaurinsa kamar milimita 0.2 ne, watau sai an yi sahu hamsin kafin abu ya tashi santimita ɗaya. Shi ya sa ɗan abin da za ka rufe a tafin hannu yakan ci sa'a uku ko huɗu.

Dabarar ta daɗe. Wani Ba'amurke, Scott Crump, shi ya nemi haƙƙin mallakarta a 1989, kuma shekara ashirin tana hannun manyan kamfanoni, mai ƙaramin ƙarfi ba ya ko tambayar kuɗinta. A 2005 wani malamin Jami'ar Bath a Ingila, Adrian Bowyer, ya fara aikin da ya kira RepRap, da nufin ƙera na'urar da za ta iya buga yawancin sassan 'yar'uwarta, ya kuma saki zanen kyauta ga duk mai so. Da haƙƙin mallakar ya ƙare a 2009, sai ƙofa ta buɗe. Josef Prusa na ƙasar Cek ya fito da samfurinsa na i3 a 2012, masana'antun Sin suka ɗauki fasalin suka karya farashi, har ya zamana wajen 2018 ana samun na'ura a kan dala ɗari biyu ko kusa da haka. Ta wannan hanya ta iso Kudancin Kaduna.

Mu uku muka haɗa kuɗi muka sayi tamu a 2022, ta hannu ce, daga wani wanda ya gaji da ita. Ba mu tambaye shi dalilin gajiyar ba, mako ɗaya kacal ya ishe mu mu gano da kanmu.

Matsalar farko ita ce sahun farko ya ƙi kama faranti. Sai mu ga bakin na'ura yana yawo yana jan zare a iska, kafin minti goma abin ya zama kamar taliyar da aka zubar. Kwana uku muna zargin wanda ya sayar mana, ashe laifin tazarar da ke tsakanin baki da faranti ne, wadda bai kamata ta wuce kaurin takarda ɗaya ba. Ana sa fallen takarda a tsakani, ana murɗa notin kusurwa huɗu ɗaya bayan ɗaya, har a ji takardar tana gogawa kaɗan ba ta maƙale ba. Idan ka gyara kusurwa ɗaya ka taɓa sauran, tilas ka sake zagayowa. Wannan shi ne karo na farko a rayuwata da na san cewa kashi ɗaya cikin goma na milimita abu ne da hannu ke iya ji, ko da yake na ci jarrabawa a kan awo tun ina sakandare.

Bayan wannan sai yanayin garin ya shiga koya mana abin da ba ya cikin takardar da ta zo da na'urar, domin waɗanda suka rubuta ta ba su san Kaduna ba. Da damina ta kankama, cikin Agusta, muka fara jin wata 'yar ƙara tas-tas a bakin na'ura, kaya kuma suna fitowa da gashi-gashi kamar yanar gizo-gizo, zaren yana karyewa da an lanƙwasa shi. Robar tana shan laima daga iska, ruwan da ta sha kuwa yana tafasa a cikin bakin. Maganinsa ya zama bokiti mai murfi da 'yan ƙunshin nan masu shanye danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, waɗanda muka bi masu shaguna muna roƙa. Da hunturu ya shigo sai ƙura ta bi zaren ta toshe hudar, muka koyi ratsa zaren ta cikin ɗan soso kafin ya shiga, muka kuma koyi zare toshiya da allura siririya tun bakin yana da zafi. Sanyin asuba na Janairu shi ma da nasa: gefen kaya yakan sanyaya kafin tsakiya, ya tsuke, kusurwa ta ɗage daga faranti kamar busasshiyar fata. Muka kifa wa na'urar babban kwali, muka shafa gam a faranti, aka zauna lafiya.

Wuta kuwa ba sai na faɗa ba. Aikin sa'a tara, a sa'a ta takwas a ɗauke. Na'urori da yawa suna da dabarar ci gaba daga inda suka tsaya, amma idan faranti ya huce kayan yakan saki, idan ma bai saki ba za a ga tabo a wurin, kuma nan ne zai fara karyewa. Na'urar ba ta da cin wuta, galibi ba ta wuce abin da ƙwan fitila biyu irin na da ke ci ba, saboda haka batir da inbata sun ishe ta. Sai dai kuɗinsu ya kusa kai kuɗin na'urar kanta, wanda kuma ya sayi ɗaya bai tanadi ɗayan ba ya sayi ɓacin rai.

To, a nan ne masu suka suke shigowa, kuma ba zan raina maganarsu ba. Wani abokin karatuna ya ce mini wannan wasan 'ya'yan masu hali ne: na'ura daga Sin, zare daga Sin, zane daga intanet, mu namu danna maɓalli. Ya ƙara da cewa tun da aka saki Naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kowane kwarkwaro na zare ya zama abin da sai an yi shawara kafin a taɓa. Gaskiya ya faɗa. Har ma zan ƙara masa hujja. Robar da aka fi amfani da ita, PLA, daga sitacin masara ko rake ake yin ta, ga mu a jihar da Saminaka ke cika tireloli da masara kowace kaka, amma ko taku ɗaya na zaren ba mu yi. Na kuma ga samari waɗanda tun da suka sayi na'ura ba su buga komai ba sai gumakan fim da maƙalin makulli da suka sauko da su daga Thingiverse. Wanda yake haka, lalle bai bambanta da mai sayen sabuwar waya ba, zanen aro ne ya ɗaura.

Inda na rabu da abokina shi ne da ya ce babu abin da ake koyo. Dalilan mutuwar masaƙun Kakuri suna da yawa, kowa ya san su: fasa-ƙwaurin atamfa, rashin wuta, tsadar baƙin mai, faɗuwar Naira tun daga shirin tsuke bakin aljihu na 1986, da lalacewar noman auduga. Amma akwai ɗaya wanda tsofaffin ma'aikata suka fi ambata, mu kuwa masu karatu muka fi mantawa da shi, watau kayan gyara. Injunan na waje ne, sassansu na waje ne, idan ɗan ƙarfe ya karye babu kuɗin waje na sayo wani, sai a kwance inji ɗaya a ciyar da 'yan'uwansa, har a wayi gari rabin zauren gawa ne. Motar Peugeot da muke alfahari da ita, a shekarun farko ta jirgin sama ake kawo sassanta daga Liyon ta Faransa zuwa Kano, a ɗauko su a mota zuwa Kakuri a ɗaura. Mun iya tuƙa inji, mun iya ɗaura shi, amma zana ɗan sashen da ya karye, da faɗin awonsa, da sanin abin da ya dace a yi shi da shi, wannan an bar shi a can. Ita kuwa wannan 'yar na'ura mai yawan rigima, duk wanda ya jure mata wata shida, to, abin nan da aka bari a can shi take tilasta masa ya koya. Ba za ta yi aiki ba sai ka fahimci zafi da sanyi, da tsukewar abu, da tazara, da inda nauyi ke faɗawa.

Wanda ya buɗe mini ido a kan haka wani dattijo ne maƙwabcinmu, wanda ya yi shekara ashirin da wani abu yana gyaran injunan saƙa. Yana da tsohuwar 504, marikin ɗaga gilashinta ya karye, na ce zan yi masa wani. Na auna da rula irin ta 'yan makaranta, na zana, na buga, na kai masa ina taƙama. Ya juya shi a hannu, ya gwada, ya ƙi shiga.

Ya ce, "Yaro, da me ka auna?"

Na ce, "Da rula, Baba."

Ya yi dariya har da tari, ya shiga ɗaki ya fito da wani ma'auni na ƙarfe mai baki kamar na sifana, naɗe a tsumma mai mai, wanda ke auna kauri har kashi ɗaya cikin goma na milimita. Ya ce tun ranar da aka sallame su bai sake buɗe shi ba. Ya nuna mini cewa rami da abin da zai shiga cikinsa ba a yi musu awo ɗaya, sai an bar 'yar tazara, kuma tazarar abin da zai juya dabam take da ta abin da ake so ya kama kam. Na sake bugawa, ya shiga daidai. Kwana biyu ya karye, domin na buga shi a tsaye, ƙarfin hannu kuma yana faɗawa daidai inda sahu ya hau sahu. Baba ya ce ai ko itace ta bin jijiyarsa ake faskara shi. Na kwantar da shi na buga na uku, ya yi ƙarfi. Wannan ya yi wata biyu yana aiki, sai bazara ta zo, aka bar motar a rana a rufe, muka tarar marikin ya lanƙwashe kamar kitse. PLA tana fara laushi tun daga wajen digiri 60, cikin motar da aka rufe a ranar Maris kuwa yana kaiwa haka. Na huɗu da PETG muka yi shi, wadda ke jurewa har wajen digiri 80, kuma shi ne a motar har yanzu.

Sau huɗu kafin a sami marikin gilashi ɗaya. Mai lissafin riba zai ce hasara ce, da an je kasuwar 'yan gwangwan an sayo tsoho da an huta, kuma ta fuskar kuɗi bai yi ƙarya ba. Amma ni darasi huɗu na samu waɗanda ban samu a aji ba, shi kuma dattijon ya sami wanda zai miƙa wa abin da ke kansa. Irinsa suna nan da yawa a Kakuri da Makera da Unguwar Television, wasu na gadi, wasu na zaman jiran haƙƙinsu, kuma kowace shekara ana binne wasu da ilminsu.

Kada a ɗauka ina cewa roba za ta maye gurbin ƙarfe. Ba za ta yi ba, kuma ina gargaɗin 'yan'uwa da kada ɗoki ya sa su buga abin da rai ya rataya a kansa, kamar sashen birki ko na tukunyar gas, kada kuma su bar na'ura tana aiki su kulle ɗaki su tafi lacca, domin abu ne mai zafi. Amfaninta mafi girma a wurinmu, a ganina, yana hayin kogi, a Panteka. Maƙeran da ke zuba alminiyam a can suna aiki ne da samfuri: su danna shi a cikin yashi mai danshi, su cire, su zuba narkakken ƙarfe a gurbin. Gwanaye ne, amma sai akwai samfurin, shi ya sa abin da suka fi yi shi ne kwafin abin da yake hannu. Idan sashen ya farfashe ko ya ɓace, aiki ya tsaya. Na'urar kan tebur kuwa samfuri ne sana'arta. Mun gwada da wani ɗan fulin injin markaɗe da ya dare gida uku: muka auna gutsattsarin, muka zana shi a FreeCAD, wadda kyauta ce, muka buga, muka ƙetare gada da shi. Maƙerin ya duba ya mayar mana. Ya ce gefunan sun miƙe sak, ba zai fita daga yashi ba sai ya rushe gurbin, a ɗan karkata su. Kuma a ƙara masa girma kaɗan, domin alminiyam yana tsukewa idan ya huce. Da na koma na duba littafi, na tarar tsukewar ta ɗara kashi ɗaya cikin ɗari da kaɗan, shi kuwa da ido ya san ta. Muka gyara, ya zuba, mai injin dira ya share ramin, injin markaɗe ya tashi.

Akwai wani abu a cikin wannan ƙetare gada da ba zan wuce shi ba. Tun rikicin 2000 da na 2002 kogin nan ya zama iyaka a zukatan mutane, kowa ya koma hayin da ya fi jin aminci, har aka sami samarin da aka haifa a Sabon Tasha ba su san Tudun Wada ba, da na Tudun Wada waɗanda ba su taɓa taka Narayi ba. A zamanin masaƙu mutum bai tambayi addinin wanda ke miƙo masa sifana ba. Ranar da muka kai samfurin, mu uku ba addininmu ɗaya ba, maƙerin bai tambaya ba, hankalinsa na kan karkatar gefen fuli.

Ga masu cewa ba za mu taɓa wuce sayen ta waje ba, ina tuna musu da Lome. A 2013 wani ɗan Togo, Afate Gnikou, a wani ɗakin ƙere-ƙere da ake kira WoeLab, ya haɗa irin wannan na'ura da tarkacen tsofaffin kwamfutoci da firintoci da sikana da aka zubar. Tarkacen nan muna da su tuli. Ƙananan motocin lantarki da sandunan ƙarfe masu santsi da ke cikin matacciyar firintar ofis, irinsu ne a cikin na'urar. Zare ma akwai masu yanka gorar ruwa ta roba su mai da ita siririn tsiri, su ja shi ta cikin baki mai zafi ya zama zare. Ba ya kai na kanti kyau, amma yana bugawa, gororin kuwa ga su nan sun toshe mana magudanu.

Saura abin da ya rataya a wuyanmu. Ku 'yan'uwana ɗalibai, musamman na sashen injiniya da zanen gine-gine, wanda ya sami na'ura ya sa wa kansa doka: a cikin kowane abu uku da zai buga, biyu su zama shi ya auna ya zana, kuma akwai mai bukatarsu. Tela yana neman ɗan sashen keken ɗinki, mai fanka yana neman maɓalli, ɗakin gwaje-gwaje na makarantar unguwa yana neman mariƙin kwalabe. Wanda ba shi da na'ura bai da uzuri, domin zanen shi ne rabin aikin, kuma tsohuwar kwamfuta ta isa. A kuma riƙa rubuta kowace matsala da maganinta a littafi, da wata da yanayin da ta faru, saboda abin da muka sani game da damina da hunturu babu wanda zai rubuta mana shi daga waje.

Ku kuma ƙananan ma'aikatan Gwamnati, waɗanda takardun sayen kaya ke bi ta teburinku, da ku nake. Na shiga wata makaranta, ba zan faɗi sunanta ba, na ga irin wannan na'ura har biyu a cikin kwalayensu a sito, an sayo su shekaru, makullin yana hannun wani jami'i wanda ke tsoron kada a lalata a tambaye shi. Zaren da aka sayo tare da su ya sha laima ya mutu a naɗe. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai, tsarin ne ya koya masa cewa kayan da ba a taɓa ba shi ne kayan da ba ya jawo tuhuma. Duk wanda zai rubuta takardar sayen na'ura ya rubuta batir da inbata a ciki, da zaren shekara guda, da 'yan bakuna da bel na canji waɗanda kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, ya kuma rubuta a fili cewa an yarda ɗalibai su kwance ta. Na'ura ɗaya da aka kwance sau goma ta fi goma da ke sito amfani.

Ita kuwa Ƙungiyarmu, abin da nake roƙo bai kai kuɗin liyafar ƙarshen shekara ba: ɗaki ɗaya mai tebur biyu, na'ura biyu, batir, da ma'auni irin na Baba guda biyar. A buɗe shi ga kowane ɗalibi ba tare da duba sashensa ba, a gayyato tsofaffin makanikan masaƙa su riƙa zama da mu ranar Asabar a ba su ɗan abin mota da na goro, a kuma nemi maƙeri ɗaya ko biyu a Panteka waɗanda za mu riƙa kai wa samfuri. Na riga na miƙa wannan shawara a rubuce ga Sakataren Ƙungiya domin a sa ta cikin ajandar taro mai zuwa. Mu uku mun yarda mu ba da aron tamu na'urar har zangon karatu ɗaya, tare da bokitin zare da kwalin da muke kifa mata, Baba kuma ya ce zai zo, muddin ba a sa taron lokacin sallar la'asar ba.